NBA: Wane ɗan wasa ne fuskar kowace ƙungiya? Tambayar da rikicin Dallas ya sake tayarwa

A ranar Talata 11 ga watan Nuwamba 2025, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Dallas Mavericks ta sallami babban manajanta Nico Harrison. A takarda dalilin a fili yake: wasa 11 aka buga a sabuwar kakar, Dallas ta sha kashi a 8. Sai dai duk mai bin gasar NBA ya san abin da ya ci kujerar Harrison ya girmi wannan kakar. Wata tara ke nan magoya baya suna ihun a kore shi, a cikin zauren wasa da bakin ƙofarsa, tun daren 1 ga Fabrairu wayewar 2 ga wata, lokacin da ya miƙa Luka Doncic ga Los Angeles Lakers.

Ga matasan Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai da ke hana idonsu barci daga ƙarfe ɗaya na dare zuwa asuba don kallon wasannin, wannan lamari ya sake tayar da tsohuwar gardamar fada: a cikin ƙungiyoyi 30 na gasar, wane ɗan wasa ne idan aka ambaci sunansa kamar an ambaci ƙungiyar ne? Gardamar tana kama da ta raha, amma Dallas ta nuna cewa akwai kuɗi da mulki da amana a cikinta.

Abin da Dallas ta sayar

Doncic, ɗan ƙasar Sloveniya, yana da shekara 25 lokacin da aka yi cinikin. A kakar da ta gabace shi, shi ne ya fi kowa zuba maki a gasar, kusan 34 a kowane wasa, kuma ya kai Dallas wasan ƙarshe na 2024 inda Boston ta doke su. A madadinsa Dallas ta karɓi Anthony Davis, wanda ya girme shi da shekara shida kuma ya sha fama da rauni, tare da Max Christie da damar zaɓen sabon ɗan wasa a 2029. Harrison ya kare kansa da cewa tsaron gida ne ke kawo kofi. Kafofin labaran Amurka kuwa sun ambaci damuwar shugabanni game da nauyin jikin Doncic da kuma kwantaragin da ya cancanci sa wa hannu a bazarar 2025: dala miliyan 345 a shekara biyar, wajen miliyar 200 na kuɗin sefa.

Fushin mutanen Dallas yana da tushe a wani suna daban, wato Dirk Nowitzki. Bajamushen ya zo a 1998, ya yi kaka 21 a ƙungiya ɗaya, abin da babu wanda ya taɓa yi a tarihin gasar. Ya faɗi a wasan ƙarshe na 2006, ya haƙura, ya dawo a 2011 ya doke Miami ta LeBron James da Dwyane Wade da Chris Bosh, ya kawo wa Dallas kofinta ɗaya tilo. Ya sha yarda a rage masa albashi don ƙungiyar ta samu sararin ɗauko wasu. Kakarsa ta ƙarshe, 2018-2019, ita ce ta farkon Doncic, kuma mutanen gari sun ɗauka an miƙa gado ne daga hannu zuwa hannu. Mutum-mutumin Nowitzki da aka kafa a gaban zauren wasa a Disamba 2022 maganar amana ce a rubuce a gindinsa.

Saboda haka ranar da Doncic ya fara sa rigar Lakers, Nowitzki da kansa ya je Los Angeles ya zauna cikin ƴan kallo. Ranar 9 ga Afrilu kuma da Doncic ya koma Dallas a matsayin baƙo, ya zubar da hawaye kafin a fara, ya zuba wa tsohuwar ƙungiyarsa maki 45, ƴan kallo suna yi masa tafi. Ko sa'ar da Dallas ta yi ta samun zaɓi na farko, ta ɗauki Cooper Flagg a watan Yuni, ba ta kwantar da ƙurar ba.

Da me ake aunawa?

Gwaninta kaɗai ba ta isa ba. Wilt Chamberlain ya zuba maki 100 a wasa ɗaya a 1962 da rigar Warriors, amma ba shi ke zuwa zuciyar kowa ba idan aka ce Warriors yau. Abu uku ne suke haɗuwa: daɗewa a ƙungiyar, kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba, da kuma kamannin salon wasan mutum da halin garin ko na ƙungiyar. Inda ukun suka taru a kan mutum ɗaya, babu gardama. Inda suka rabu, a nan ake raba dare ana musu.

Inda magana ta ƙare

Chicago Bulls ta Michael Jordan ce. Kofi shida, daga 1991 zuwa 1993 da kuma 1996 zuwa 1998, kuma a duk shidan shi ne gwarzon wasannin ƙarshe. Kafin zuwansa Bulls ba ta taɓa kai wasan ƙarshe ba, bayan tafiyarsa ba ta sake kaiwa ba. A nan fuskar ta fi ƙungiyar girma, har ta zame mata kaya: kowane matashi da ya zo Chicago da Jordan ake gwada shi.

Golden State Warriors ta Stephen Curry ce. An ɗauke shi na bakwai a 2009, ƙungiyar tana da shekara fiye da 30 ba ta ga kofi ba. Ya kawo huɗu, a 2015, 2017, 2018 da 2022. Abin da ya fi kofunan shi ne yadda ya sauya wasan baki ɗaya da jifa daga nesa mai maki uku. Ya karya tarihin Ray Allen a Disamba 2021, ya zarce jifa 4,000 a Maris 2025. Yau hatta manyan ƴan wasa masu tsayin mita biyu da ɗoriya sai sun koyi jifan nesa kafin su samu wuri.

San Antonio Spurs ta Tim Duncan ce: kaka 19, kofi biyar tsakanin 1999 da 2014, ba hayaniya, ba nuna kai. San Antonio ƙaramar kasuwa ce idan aka kwatanta da New York ko Los Angeles, don haka ta gina kanta a kan haƙuri da horo da neman ƴan wasa a ƙetare: Bafaranshe Tony Parker, Manu Ginobili na Ajantina, Boris Diaw wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne. Duncan ya yarda koci Gregg Popovich ya yi masa faɗa a gaban kowa, kuma idan babba ya sunkuyar da kai, ƙarami ba shi da bakin magana. Wannan ita ce tarbiyyar gidan.

A wannan jeri akwai Nikola Jokic a Denver, ɗan Sabiya da aka ɗauka na 41 a 2014, ya zama gwarzon shekara sau uku, ya kawo kofin farko a 2023. Akwai Reggie Miller da kakarsa 18 a Indiana, da John Stockton da kakarsa 19 a Utah, wanda har yau babu wanda ya kama ƙafarsa wajen miƙa ƙwallon da aka zuba, 15,806. Miller da Stockton ba su taɓa ɗaga kofi ba, amma hakan bai rage musu komai a garuruwansu ba.

Inda ake raba dare

Lakers mai kofi 17 tana da taurari har sun yi mata yawa: Jerry West, Kareem Abdul-Jabbar, Shaquille O'Neal, LeBron James. Amma gardamar tsakanin mutum biyu take. Kobe Bryant ya yi kaka 20 bai sa wata riga ba, ya ci kofi biyar, ya zuba maki 81 a kan Toronto a 2006, kuma rasuwarsa a haɗarin jirgi mai saukar ungulu ranar 26 ga Janairu 2020 ta ƙara masa matsayi a zukatan matasa. Magic Johnson shi ma kofi biyar ya ci, daga 1980 zuwa 1988. Idan ana maganar halin ƙungiyar ne, ma'aunin ya fi karkata ga Magic. Lakers ƙungiyar garin finafinai ce, tana sayar da ƙawa da sauri da murmushi, kuma Magic ne ya mayar da wasan ƙwallon kwando biki. Kobe fuskar naci ne da zafin zuciya, halinsa ne na kansa da ya ɗora wa ƙungiyar.

A Boston mai kofi 18, Larry Bird ne farin jinin gari a shekarun 1980, da kofi uku. Amma Bill Russell ya ci 11 a cikin kaka 13, kuma shi ne ya kafa aƙidar Celtics ta tsaron gida da fifita ƙungiya a kan mutum. A 1966 ya zama baƙar fata na farko da ya horar da ƙungiya a NBA, yana wasa yana horarwa. Labarinsa yana da ɗaci: a lokacin da yake tara wa Boston kofuna, an fasa gidansa an ɓata shi saboda launin fatarsa, har ya ƙi yarda a yi bikin rataye rigarsa a gaban jama'a a 1972. Bayan rasuwarsa a Yuli 2022, NBA ta janye lambarsa 6 daga dukan ƙungiyoyi. Russell shi ne Celtics, ko da garin Boston ya makara wajen gane haka.

Detroit garin masana'antar motoci ne, garin leburori, kuma ƙungiyar Pistons ta fi shahara da wasan ƙarfi da taurin kai. Isiah Thomas ya jagoranci ƴan ta-kifen da suka ci kofi a 1989 da 1990, waɗanda suka daɗe suna tare wa Jordan hanya. Shi ne babban ɗan wasan tarihinta. Duk da haka akwai masu kafa hujja da Ben Wallace, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi lokacin da ya fito, ba ya zuba maki da yawa, amma ya zama gwarzon mai tsaron gida sau huɗu, ya taka rawa a 2004 lokacin da Detroit ta ragargaza Lakers ta Shaquille da Kobe da wasa 4 da 1.

Irin wannan rabuwar take a Miami. Dwyane Wade ne ya kawo kofin farko a 2006, yana cikin na 2012 da 2013, kuma shi aka kafa wa mutum-mutumi. Amma horon soja da ƙungiyar ke alfahari da shi, Udonis Haslem ne ya riƙe shi: haifaffen Miami, ba a zaɓe shi ba, ya je Chalon-sur-Saône a Faransa ya yi kaka ɗaya, ya dawo ya yi kaka 20 a gida.

Cleveland kuwa ta koyi cewa fuska tana iya juya baya. LeBron James ɗan Akron ne, kusa da Cleveland. Ya tafi a 2010, magoya baya suka ƙona rigarsa a titi. Ya dawo a 2014, ya kawo kofi a 2016 bayan Golden State ta sha gabansu da 3 da 1, ya kawo ƙarshen shekara 52 da garin ya yi ba kofi a manyan wasanni. Ya sake tafiya a 2018, wannan karon ba a ƙona komai ba. Ya biya bashi.

Ƴaƴan Afirka a cikin jerin

Houston Rockets ta Hakeem Olajuwon ce, ba tantama. An haife shi a Legas a 1963, ya fara da tsaron raga a ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu, sai yana da shekara 15 ya taɓa ƙwallon kwando. Ya yi karatu a jami'ar Houston, aka ɗauke shi na farko a 1984, gaban Jordan da aka ɗauka na uku. Ya yi kaka 17 a Rockets, ya kawo kofunanta biyu a 1994 da 1995. Har yau shi ke riƙe da tarihin tare ƙwallo, 3,830. Yana azumin Ramadan a tsakiyar kaka, kuma a Fabrairu 1995, watan da azumi ya kama, shi aka zaɓa gwarzon wata.

A Milwaukee, Giannis Antetokounmpo ya karɓe matsayin daga Abdul-Jabbar, wanda ya kawo kofin 1971 amma ya nemi a sake shi ya tafi. Iyayen Giannis ƴan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Girka. An haife shi a Athens a 1994, ya taso ba takardun zama ɗan ƙasa, yana talla a titi tare da ƴan'uwansa, sai a 2013 ya samu takardun Girka, shekarar da Bucks ta ɗauke shi na 15. A ƙarshen 2020, lokacin da manyan garuruwa ke zawarcinsa, ya sabunta kwantaraginsa a Milwaukee. Bayan wata bakwai ya zuba maki 50 a wasan da ya ba su kofi.

Philadelphia ba ta kai ga miƙa kambun ga Joel Embiid na Kamaru ba, duk da zamansa gwarzon shekara a 2023, domin raunuka sun hana shi kai ƙungiyar ko da wasan kusa da na ƙarshe. Julius Erving ne ya kawo kofin 1983, amma zuciyar garin tana wurin Allen Iverson, ɗan ƙaramin jiki mai tsayin mita 1 da 83 da ke faɗuwa ya tashi, wanda ya ja ƙungiyar zuwa wasan ƙarshe a 2001.

Darasin Toronto ya fi kowane kama da na Dallas, amma ta ɗaya gefen. Shugabanta na lokacin, Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya, ya sayar da DeMar DeRozan a 2018, ɗan wasan da ya fi kowa son garin, ya ɗauko Kawhi Leonard. An zage shi, amma bayan shekara ɗaya Toronto ta ɗaga kofinta na farko, tare da Pascal Siakam na Kamaru. Leonard ya tafi bayan ƴan makonni. Shi ya sa idan aka tambayi mutanen Toronto, Kyle Lowry suke ambata, wanda ya yi kaka tara yana karɓar duka a madadin ƙungiya. Ujiri ya yi caca ya ci, Harrison ya yi ya faɗi. Magoya baya suna iya yafe sayar da nasu, amma sai an kawo musu kofi a hannu.

Sauran a taƙaice

Portland ta Damian Lillard ce, wanda ya tafi Milwaukee a 2023, ya ji rauni, aka sallame shi, ya koma gida a Yuli 2025. Oklahoma City ta daɗe tana ta Russell Westbrook saboda ya tsaya lokacin da Kevin Durant ya tafi a 2016, amma kofin 2025 ya sa Shai Gilgeous-Alexander a gaba. New York tana tsakanin Willis Reed, wanda ya fito da ɗingishi a wasan ƙarshe na 1970, da Patrick Ewing mai kaka 15 ba kofi. Minnesota ta Kevin Garnett ce, Atlanta ta Dominique Wilkins, Washington ta Wes Unseld, Memphis ta Zach Randolph da Tony Allen, Nets ta Jason Kidd, Sacramento ta Chris Webber. A Phoenix salon na Steve Nash ne, amma Devin Booker ne ya zama mafi yawan maki a tarihinta tun Fabrairu 2025.

Akwai kuma ƙungiyoyin da halinsu shi ne rasa taurari. Orlando ta raini Shaquille O'Neal da Dwight Howard, duka biyun suka ƙare a Lakers. New Orleans ta rasa Chris Paul da Anthony Davis. Charlotte ba ta da wanda ya wuce Kemba Walker, Clippers kuma har yau ba ta taɓa kai wasan ƙarshe ba.

Me ya sa irinsu ke ƙaranci?

A kokowar gargajiya, Issaka Issaka na Dosso ne, babu wani shugaba da zai tashi da dare ya musanya shi da ɗan kokowar wata jiha. A NBA kuwa kwantaragi dukiyar ƙungiya ce, kuma in ban da ƴan ƙalilan da ke da sharaɗi na musamman, ana iya sayar da kowa ba da saninsa ba.

A 2017 aka ƙirƙiro babban kwantaragin da zai iya kai kashi 35 cikin ɗari na iyakar albashin ƙungiya, wanda tauraro ba ya samu sai a gidan da ya taso. Manufar ita ce a riƙe taurari a inda suke. Sai dai yarjejeniyar 2023 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƴan wasa ta ƙara tsananta hukunci ga duk wanda ya zarce wani mataki na kashe kuɗi: haraji mai nauyi, da ɗaure hannu wajen ciniki da zaɓen sababbin ƴan wasa. Sakamakon shi ne kwantaragin da aka yi don riƙe tauraro ya zama dalilin rabuwa da shi. Minnesota ta sayar da Karl-Anthony Towns bayan kaka tara, Klay Thompson ya bar Golden State a 2024, Boston ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis shekara ɗaya bayan sun ci kofi.

Masu ƙungiyoyin su ma sun sauya. Mark Cuban, wanda ya yi shekara fiye da 20 yana zama kusa da benci, ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa na Dallas a Disamba 2023 ga iyalan Adelson da Dumont masu gidajen caca. A 2025 an yi cinikin Celtics a kan dala miliyar 6.1, na Lakers kuma a kan miliyar 10. Wanda ya zuba irin wannan dukiya lissafi yake fara dubawa. Amma Dallas ta tuna musu cewa tikiti da riguna da haƙƙin talabijin duk a kan soyayyar magoya baya suke tsaye, ita kuma soyayyar mutum take bi kafin tambari.

Wurare uku ne za su nuna inda aka dosa. Milwaukee ta faɗi a zagayen farko shekara uku a jere, daga 2023 zuwa 2025, kuma an sha yin raɗe-raɗin tafiyar Giannis. San Antonio ta ɗora gadon Duncan a kan Bafaranshe Victor Wembanyama tun 2023, kuma Popovich ya sauka daga benci a Mayu 2025. A Dallas kuwa an ɗora wa Cooper Flagg, matashin da bai cika shekara 19 ba lokacin da aka ɗauke shi, nauyin mantar da mutane abin da aka yi musu. Shi kuwa Doncic ya sa hannu a watan Agusta 2025 kan ƙarin shekara uku da dala miliyan 165 a Lakers, inda ake shirya shi ya gaji LeBron James.